Fuska Ba Gindin Tukunya Ba Ce

'Yan'uwana ɗalibai, ina da ƙorafi a kan azabar da muke gana wa fuskokinmu da sunan maganin ƙuraje. Da ƙurji ya ɓullo, sai a ɗauko soso a yi ta dirza, wani ya matsa lemun tsami, wata ta lafta man goge baki. Haba jama'a!

Ba dauɗa ke kawo ƙurajen nan ba. Maiƙo da matacciyar fata ne ke toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, wurin ya kumbura. Dirzar kumburi kuwa ƙara masa wuta ne, kuma a baƙar fata irin tamu tabo yake bari. Masu gudun tabon su faɗa wa man bilicin mai sinadarin sitiroyid, alhali shi kansa yana haddasa ƙuraje, yana cinye kaurin fata. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Na san wani zai ce, "Asid a fuska?" To malam, ba ruwan batir nake nufi ba. Asid ɗin salisilik mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 yana ratsa maiƙo ya buɗe ƙofofin a hankali, na azelayik kuma yana rage kumburi da tabo. A fara da kaɗan, ana tsallake kwana ɗaya, a jira mako 6 zuwa 8. In ƙurajen manya ne masu mugunya, sai likitan fata.

Wanda ya kasa haƙurin wata biyu, zai yi na shekara da tabo.