A Daina Lulluɓe Tsofaffin Zauruka da Siminti

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan yadda ake gyaran zaurukan tsofaffin gidaje a cikin birnin Zariya.

A unguwarmu an gyara wani zaure da ya girmi kakannina. Masu gidan da kyakkyawar niyya suka yi, amma magina sun kankare zanen da ke fuskar ƙofa, suka sare zankwaye, suka yaɓe bangon da siminti. Ginin tubali yana son shan iska. Siminti kuwa riƙe danshi yake yi, ƙasar ta riƙa ruɓewa ta ciki ba wanda ya sani, sai damina ta yi nisa a ga yaɓen ya ɓamɓaro da rabin bango. Iyayenmu da makuba suke shafe, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, kuma kafin saukar ruwa sai sun duba indararo da azara.

Abin da ciwo, a ce a garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19 ake wannan. Ga Agadas, ginin ƙasa ne ya kai tsohon garinta cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013.

Ina kira ga masarauta da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su nemo dattawan magina da suka rage, su haɗa su da matasa masu son koyo, kuma a tanadi inda mai gida zai nemi shawara kafin ya taɓa bango.



Naka,
Wani mai karatu daga Zariya