Ku bar tana ta yi aikinta

Idan ruwan damina ya sauka, tana takan fito a bakin fadama da cikin lambu. Sai yara su taru a kanta. Wannan ya sare ta da kara, wancan ya barbaɗa mata gishiri, wai ɗiyar maciji ce. A ganina wannan kuskure ne babba.

Ku ɗauki guda ku duba da kyau. Jikinta zobba ne a jere, wani bayan wani, sau da yawa sun fi 100. Ba ta da ƙashi, ba ta da ido, ba ta da haƙori, balle dafi. Huhu ma babu. Da fatarta take numfashi, shi ya sa in fatar ta bushe sai ta mutu. Gishiri kuwa tsotse mata ruwan jiki yake yi. Matsattsaku ne danginta, su ma masu zobba, ba maciji ba.

Wasu suna cewa in an raba ta biyu, tana biyu za a samu. Ba haka ba ne. Wajen kai yakan warke wani lokaci, amma wutsiyar yawanci mutuwa take yi.

To, mene ne amfaninta? Ƙasa take ci da ruɓaɓɓen ganye, kashinta kuwa taki ne mai kyau. Ramun da take ginawa, ta nan ruwa da iska suke kaiwa ga saiwar albasa da tumatir. Wane ɗan ƙodago ne zai yi wannan aiki dare da rana ba a biya shi ba?

In hauya ta tono ta a lambun makaranta, ku mai da ita wuri mai laima, ku rufe ta da ƙasa.