Bashin da su Ɗan Maraya ke Binmu

 Yau so nake mu ɗan tattauna a kan wasu bayin Allah da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda akasarinmu ba mu taɓa ganinsu ido da ido ba, amma mun san muryoyinsu fiye da yadda muka san na wasu danginmu na jini.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, kwanakin baya an yi ruwa mai ƙarfi a nan Arikya, rufin shagon Baba ya yi yoyo. Da gari ya waye muna ta fitar da kaya, buhunan sukari da gishiri da kwalayen sabulu, sai na ci karo da wani tsohon kwali can ƙarƙashin kanta. Ko da na buɗe, kaset-kaset ne cike, na ƙirga 43. Akwai na Mamman Shata, da Musa Ɗanƙwairo, da Barmani Choge, da Ɗan Maraya Jos. Fiye da rabinsu sun sha ruwa, zaren ya manne. Wallahi jama'a, Baba bai ko kalli sukarin da ya narke ba. Zama ya yi a kan benci yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da gefen riga. Na ce, "Baba, ai duk waɗannan ana samu a waya yanzu." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro ne. Da waɗannan na yi zaman garin nan."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Baba ya baro ƙasar Katsina yana saurayi, lokacin Lafia tana cikin Jihar Filato, domin sai a 1996 aka yanke Jihar Nasarawa. Babu wayar hannu, saƙon gida sai an ba direban motar doya, amsa kuwa sai bayan wata guda ko biyu. Idan an rufe shago da dare, abin da ke haɗa shi da gida shi ne Rediyo Kaduna da kuma rikoda mai cin batir. Ya ce idan kalangun Shata ya tashi, sai ya ji kamar yana zaune a dandalin garinsu. Ke nan waɗannan mawaƙa sun yi wa iyayenmu wani aiki da su kansu ba su san sun yi ba, wato sun riƙe musu harshe, sun ɗebe musu kewa a inda ba uwa ba uba.

Mu kuma da aka haifa a nan, tamu matsalar daban ce. Idan ana maganar takardar shaidar ɗan asalin gari, ko rabon wani abu, sai a tuna mana cewa mu baƙi ne. Idan kuma muka je can inda ake cewa gidanmu ne, nan ma ba mu tsira ba. Na taɓa bin Baba Kano saro kaya, ina ciniki da wani mai shago sai ya fashe da dariya, ya kira maƙwabcinsa wai ya zo ya ji Hausar 'yan kudu. Na ji kunya ƙwarai, har na koma magana ƙasa-ƙasa. Na san da yawanku an taɓa yi muku irin wannan. Mun zama jemage, tsuntsaye su ce ba nasu ba, dabbobi su ce ba nasu ba.

To a nan ne nake ganin Ɗan Maraya Jos ya fi kowa zama namu. Sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946. Mahaifinsa makaɗi ne a wajen Sarkin Hausawan Bukuru, kuma iyayen nasa duka sun rasu yana jariri, Sarkin ne ya riƙe shi. Daga nan sunan ya samo asali. Ku duba da kyau: Sarkin Hausawa, irin wanda muke da shi a garuruwan da muke zaune. Ɗan zango ne kamarmu. Kayan kiɗansa kuntigi, tsirkiya ɗaya tak, jikinsa kuwa sau da yawa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Da wannan ɗan abin ya zagaya ƙasashen duniya, ya karɓi lambobin girma na ƙasa. Bai taɓa ɓoye inda ya fito ba, hasali ma sunan garin ya liƙa a jikin nasa sunan, ya kai shi ko'ina. Kano da Katsina da Sakkwato duk sun saurare shi, kuma ba mu taɓa jin an ce Hausarsa ba ta cika ba. Ya rasu ranar Asabar 20 ga Yuni, 2015, a farkon watan azumi, a can Jos ɗin da ya ƙi bari duk da rikice-rikicen da garin ya sha tun daga 2001. Allah ya jiƙansa.

Ban da wannan, ku lura da waɗanda ya zaɓa ya yi wa waƙa. Waƙar da ta fara fito da shi ta Karen Mota ce, wato yaron mota, wanda kowa ke yi wa tsawa a tasha. Ya yi a kan auren dole, ya yi a kan gulma, ya yi a kan zaman miji da mata. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa da muka tashi tsakanin 'yan dako da direbobi da masu awo, mun san waɗannan mutane, da su muke kwana muke tashi. Manyan da aka wasa a wancan zamani da yawansu an manta da su, amma yaron mota yana nan har gobe a tashar Lafia yana rataye a ƙofa yana kiran fasinja. Shi ya sa waƙar ba ta tsufa ba.

Haka shi ma Samanja Mazan Fama, Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023. Banufe ne ɗan gidan sarautar Pategi, tsohon soja. Hausar bariki ya ɗauka, mai gauraye da Turanci, irin wadda ake yi wa dariya, ya mayar da ita abin da manya da yara ke taruwa a gaban talabijin saboda ita. Ni wannan ya koya mini cewa Hausa babbar riga ce, wanda duk ya sa ta da kyau tasa ce. Shata kansa, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, tallan goro da alewa ya fara yi kafin waƙa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ɗan talla ne kamar yadda iyayenmu suka fara.

To amma jama'a, mu faɗi gaskiya komai ɗacinta: me muka yi musu? Ni dai abin da na gani shi ne kuka na kwana uku. Lokacin da Rabilu Musa Ɗan Ibro ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, ina ƙaramar sakandare, na tuna yadda kasuwa ta yi tsit, kowa yana salati. Lokacin da Saratu Giɗaɗo, Daso, ta rasu ranar 9 ga Afrilu, 2024, ana jajibirin ƙaramar Salla, duk wanda ka duba wayarsa hotonta ne da alamar hawaye. Bayan mako guda shi ke nan, an wuce wajen, sai kuma wani ya mutu.

Kuma da kaina zan fara. Tun da nake, ban taɓa sayen fim ɗin Ibro na gaskiya ba ko sau ɗaya. Wajen masu tura fim a waya nake zuwa, in ba da ɗan canji, a cika mini memori. Na yi dariya har hawaye, ko kwabo bai shiga aljihunsa ba. Kaset ɗin Baba ma da na duba, akasarinsu kwafi ne, an rubuta sunan mawaƙin da biro. Mun ci guminsu kyauta shekara da shekaru. Sannan idan tsufa ko ciwo ya kama ɗayansu, ya fito yana neman taimako, mu ne na gaba wajen cewa, "Ina ya kai kuɗin da ya samu?" Wane kuɗi? Wanda muka hana shi? Ku tuna Malam Ƙarƙuzu na Jos, wanda iyayenmu suka sha kallo. A ƙarshen rayuwarsa idanunsa sun tafi, sai da ya fito ya yi kuka ga jama'a, ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Ya rasu a watan Maris na 2025. Allah ya saka wa wanda ya taimaka, amma abin kunya ne a ce mutumin da ya sa miliyoyi dariya sai ya roƙa kafin ya sami wurin kwanciya.

Na san akwai masu cewa ai waɗannan maroƙa ne da 'yan wasa, ba su cancanci a ɓata lokaci a kansu ba, gara a tuna malamai. Wani dattijo a masallacinmu ya faɗa mini haka, kuma ina girmama shi. Ba na musun cewa malamai suna gaba, kuma ban ce duk abin da mawaƙa da 'yan fim suka bari alheri ne ba. Akwai zambo, akwai batsa, akwai wasa azzalumi don ya ba da mota. Akwai ma wanda ya fi shafarmu mu da ke zaune cikin wasu ƙabilu. Wata rana muna kallon wani fim na barkwanci da abokina, ɗan ƙabilar Eggon, wanda muka yi makaranta tare, sai aka fito da wani yana kwaikwayon yadda waɗanda ba Hausawa ba ke karya Hausa, an mai da shi wawa. Ni ina dariya, da na waiwaya sai na ga shi ya yi shiru. Nan take na tuna mai shagon nan na Kano, jikina ya yi sanyi. Irin wannan gado ba na so in miƙa wa ƙannena. Amma don an sami tsakuwa a cikin shinkafa ba a zubar da buhu, tsincewa ake yi. Wanda ya mutu kuwa hisabinsa yana wajen Ubangijinsa, namu shi ne mu roƙa masa gafara, mu ɗauki mai kyau mu bar marar kyau.

Saboda haka ga shawarata, kuma ba ta fi ƙarfin kowa ba. Da farko, duk wanda ke da tsofaffin kaset a gida, na waƙa ko na bidiyo, kada ya bari su ruɓe kamar namu. Guda 17 da suka tsira na kai Lafia wajen wani mai gyaran rediyo, ya juye mini su a kwamfuta, yanzu suna wayar Baba. Wani abin da ke cikin kwalin tsohonka, wataƙila an ɗauke shi ne a wajen wani biki, kuma babu kwafinsa a ko'ina sai nan. Na biyu, mu zauna da iyayenmu su fassara mana. Da na saurari Ɗanƙwairo, wanda ya rasu tun 1991, rabin kalmomin ban gane ba, sai da Baba ya yi ta warware mini su ɗaya-ɗaya, kuma a dare ɗaya na koyi Hausar da ban koya ba a shekara shida na sakandare. Masu son karatu kuma su nemi littafin tarihin Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, su ga yadda ake adana tarihin mutum. Na uku, waɗanda ke raye mu biya su tun suna raye. Idan akwai hanyar saye ko kallo ta halal, a bi ta. Idan an ji ɗayansu yana kwance, ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da ke tara kuɗin biki da suna za su iya tara nasa. Na huɗu, idan mutuwarsu ta zo, maimakon hoto da alamar hawaye, a yi musu addu'a ta gaskiya bayan salla, ko a ba da sadakar ƙosai da sunansu.

Jiya da dare bayan mun rufe shago, Baba ya kunna Ɗan Maraya a waya. Autarmu, 'yar shekara tara, wadda Turancin buroka ya fi Hausa sauƙi a bakinta, ta zo ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, wane ne wannan?" Ya ce mata, "Wani maraya ne ɗan Jos, zauna ki ji." Ta zauna har waƙar ta ƙare, ta ce a sake.

Allah ya jiƙan Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge da Ɗan Maraya da Ibro da Samanja da Daso da Ƙarƙuzu, da sauran waɗanda ban ambata ba. Allah ya yafe musu kurakuransu, ya yafe mana haƙƙinsu da muka ci. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Wanda na ɓata wa rai a cikin wannan rubutu ya yi haƙuri, ra'ayina ne kawai na faɗa.

Wassalam. Naku a kullum, daga Arikya.