Mu Tashi Mu Je Mu Ga Namu

Jama'ar Gusau, Tsafe da Bunguɗu, ku ba ni aron kunnuwanku! Muna haɗa kuɗin mota mu kai ɗalibai Kano su ga Dala da Gidan Makama, alhali namu dutsen yana tsaye a bakin hanya, muna wuce shi ko waiwaye babu.

Dutsen Kwatarkwashi nake nufi, wanda duk mai fita Gusau zuwa Funtuwa yake gani. Allah ne ya kafa shi, kakanni suka mai da shi garkuwa. In mahara suka kunno kai, sai a kwashi mata da yara da hatsi a yi sama, domin doki ba ya hawan falalen dutse. Je ka tsaya a gindinsa, ka ɗaga kai har hularka ta nemi faɗuwa, sannan ka tambayi kanka yadda uwa ta hau nan da goyo a baya da tulu a ka.

Gusau kanta ribaɗi ce, garin tsaro. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa ta wajajen 1811, aka kewaye ta da ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso gari ya bazu, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suka cinye ganuwar. Yau yaro yana hawa babur zuwa Ƙofar Jange ko Ƙofar Mani, bai san an taɓa rufe ƙyaure a wurin da almuru ba. Laifinsa ne? Wa ya kama hannunsa ya nuna masa?

Ga kuma 'Yandoto a ƙasar Tsafe, garin malamai tun kafin jihadi, wanda rundunar Muhammadu Bello ta ci wajajen 1806. Har yau sarautar Tsafe sunansa take amsawa.

Na san abin da za ku ce: hanya ba lafiya. Gaskiya ne, mun binne 'yan uwa, kuma ba zan ce wa kowa ya jefa ransa cikin haɗari ba. Amma ku tuna, tsoro ne ya gina waɗannan wurare, kuma masu su ba su watse ba. Me zai sa tsoronmu ya sa mu yar da su?

Ku fara da cikin garin Gusau, wannan ba ya buƙatar rakiya. Malaman makaranta, ku bi da yara ƙofa-ƙofa da ƙafa. In hanya ta yi sauƙi, a nemi izinin fadar Kwatarkwashi, a tafi cikin ayari da hantsi, a dawo kafin la'asar. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, ku durƙusa gaban tsofaffi, ku naɗi muryarsu a waya tun suna da rai. Gwamnati kuma muna binta bashin alluna: a kafa ɗaya a mazaunin kowace ƙofa, da sunanta da tarihinta, cikin boko da ajami.