Bikin kimiyya: a fito da shi kasuwa

Tun daga 1992 Faransa ke yin bikin kimiyya kowace shekara, inda masana ke buɗe ɗakunan bincikensu, uwaye su zo da ɗiyansu su gani, su taɓa, su yi tambaya. Mu kuwa abin da muka saba gani a jami'o'inmu shi ne «ranakun kimiyya»: a shirya kujeru, minista ya karanta jawabi, dokta ya yi wa dokta bayani da faransanci, a tafa, a sha lemu, a watse. Talakan da ya biya lanho aka gina zauren yana bakin ƙofa yana saida goro. Wannan shi ne bikin?

Kada wani ya ce ba mu da abin nunawa. A Maraɗi, masu binciken INRAN da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sun daɗe suna yaƙi da murzuna, tsutsar nan mai cinye zangarniyar hatsi ana gab da girbi. Makaminsu wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, ana kiwonsa cikin ƴan buhunna, a rataya su a karkara da damana, ya fito ya nasa ƙwai bisa tsutsar, ɗiyansa su cinye ta. Ga kuma buhun PICS da aka fara yaɗawa a 2007: leda biyu cikin buhu guda, a ɗaure kowace da kyau, iska ta ƙare, ƙwaron wake ya mutu ba tare da an zuba guba ba. Inda wannan buhu ya samu karɓuwa, gwaji aka yi a bainar jama'a: a ɗaure wake a gaban mutanen gari, a kwance shi a gabansu bayan watanni. Gani ya kori ji.

Rashin wannan haɗuwa yana da tsada. Mutanen Tibirin Gobir sun sani. Daga 1985 aka shayar da garin ruwan rijiyar da sinadarin fuliyor ya yi wa yawa, haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe, shekaru na wucewa uwaye na neman dalili. Da uwa guda ta taɓa zama gaban masanin ruwa ya nuna mata alamun da harshenta, da ƙila kukan ya tashi da wuri.

Masu kare halin da ake ciki suna da hujja biyu. Ta farko, wai Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya. Wanda ya kasa bayyana wa kakarsa abin da yake bincike, shi ne bai gane shi ba. Abdu Mumuni, masanin makamashin rana da Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya nemi a yi koyarwa da harsunan Afirka tun cikin littafinsa na 1964. Muna rubuta sunansa bisa ƙofa, muna taka wasiyyarsa. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. To, a nuna mana wannan a zauren jami'a, tare da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamajak.

Ta biyu, wai babu kuɗi. Rumfa nawa ce a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram? Madubin ganin ƙwayoyin cuta guda, kwanon ruwan tafki, lasifika da ɗalibai goma sun isa a tara gari. Kuɗin lemun rana guda na manyan baƙi ya biya wannan.

Saboda haka muna kira ga shugabannin jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa: ku tsaida mako guda bayan girbi, ku fito ranar kasuwa, ku gayyaci mata da yara da gidajen rediyon karkara. Ku yi magana, kuma ku saurara, don manomin da ya raya miliyoyin itatuwa ta hanyar sassaben zamani yana da darasin da zai ba ku. Idan kun ƙi, ranar da aka hana ku albashi ko kuɗin bincike, kada ku yi mamaki idan talaka bai taya ku kuka ba.