A Keɓe wa Kalakla Hanyar Jirgi Tun Yanzu

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, bayan kusan shekara biyu ana gwabza yaƙi a titunanta, zancen sake gina birnin ya cika bakin jama'a. A irin wannan lokaci ba a rasa masu hangen Alƙahira, suna ganin babban birni ba ya cika sai da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Matsayin wannan jarida shi ne a keɓe filin da layin jirgi zai bi daga Kalakla zuwa tsakiyar gari tun yanzu, a fara da sufurin bisa ƙasa, a jinkirta haƙa tasha har ƙasar ta farfaɗo.

Buƙatar a fili take. Kogin Nilu ya raba Khartum da Omdurman da Bahri, gadoji ne kaɗai ke haɗa su, ga shi ta Shambat ta rushe a Nuwamban 2023. Kalakla tana kudu, a gaɓar Farin Nilu, kan hanyar Jabal Auliya. Kafin yaƙi, ma'aikacin da ya fito daga Laffa ta Kalakla sai ya yi kokawar samun hafila, wato bas ɗin haya, zuwa tashar Jakson da ke tsakiyar gari, sannan ya nemi wata motar idan Omdurman ya nufa. Haka mazauna Mayo da Ingaz, inda Hausawa ke da yawa, suke fama. Birnin kuwa ba baƙon dogo ba ne, domin taragon lantarki ya riƙa tsallaka gadar Farin Nilu daga 1928 har farkon shekarun 1960.

Sai dai tashar ƙarƙashin ƙasa ba ƙaramin aiki ba ce. Sai an haƙa rami mai zurfi, an tokare shi da bangon kankare, an kawar da bututun ruwa da wayoyin wuta, sannan a girka fankoki da injinan zuƙe ruwa waɗanda ba a kashe su dare da rana. Kalakla ta sha ambaliya a 1988 da 2020, yumɓun yankin kuma yana kumbura da damina ya tsage da rani. Wutar da za ta riƙe injinan daga madatsar Marawi babban kasonta ke zuwa, wadda jirage marasa matuƙa suka kai wa hari a 2025. Aljeriya mai arzikin mai ta fara haƙa ramin jirginta na ƙarƙashin ƙasa a shekarun 1980, ba a buɗe ba sai 2011. Jirgin Abuja, wanda ko rami bai buƙata ba, an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai 2024.

Masu kafa hujja da Masar su duba yadda ta faro. Layin farko na Alƙahira, wanda aka buɗe sashensa na farko a 1987, tsofaffin dogayen Halwan da Marg ne aka haɗa da gajeren rami a tsakiyar gari. Hanyar bisa ƙasa ce ta riga ramin. Wasu kuma za su ce ruwan sha da asibiti da makaranta ne kan gaba, kuma gaskiyarsu ce. Amma keɓe fili ba ya cin kuɗin asibiti, taswira da doka kawai yake buƙata. Jama'a na dawowa suna gyara gidaje da shaguna, idan gefen titi ya cika, gobe sai da rusau da diyya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A filin da aka keɓe za a iya fara layin manyan motocin haya na musamman, kamar yadda Darussalam ta yi a 2016, daga baya a shimfiɗa dogo.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jihar Khartum ta zana wannan layi, ta tabbatar da shi a doka, ta zauna da masu unguwanni da direbobin hafila kafin a kafa turke ko ɗaya. Idan fasinjoji sun yi yawan da titi ba zai ɗauka ba, wuta kuma ta zauna, lokacin haƙa tasha a tsakiyar gari ya yi.