Yayen da Likita Ya Yanke

Da yawanmu mun tashi a gidajen da yaye ba aikin uwa kaɗai ba ne. Idan yaro ya doshi shekara biyu, sai a sa rana, a karɓo rubutu wajen malam, a dama kunu, kaka ta zo ta goya shi ta tafi. Can zai yi 'yan kwanaki yana rigima, ana lallashinsa da ƙosai da dabino, har ya dangana. Wadda ba ta da inda za ta kai nata, sai ta shafa maɗaci a kan nono. Yaro ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, shi ke nan.

Yau wani yayen a ɗakin likita ake yanke shi. Mai goyon wata huɗu a gano tana da ciwon daji, a ce za a fara ɗaura mata ruwan magani, kuma maganin yana bi ta nono. Babu sa rana, babu kunu, don ɗan wata huɗu bai isa kunu ba. Sai madarar gwangwani da tafasasshen ruwa, da kuɗin da ba kowane maigida ke da shi ba. Ita kuwa ga nono ya cika ya yi tauri, ga kukan yaro, ga 'yan dubiya suna tambayar me ya sa ta hana shi.

Iyayenmu mata sun san mafita, mu ne muka manta. Idan uwa ta kwanta ciwo, matar wa ko ƙanwarta mai goyo takan karɓi jaririn ta haɗa da nata, don ɗa na kowa ne. Addini ya san da wannan, har ya haramta aure tsakanin yaran da suka sha nono ɗaya. Annabi (SAW) ma Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Yanzu sai an yi wa mai shayarwar gwajin ƙanjamau tukuna, kuma hakan daidai ne. Amma gwajin minti nawa ne? Neman mai shayarwar ne muka daina yi.

Kuma ba kowane magani ke sa a cire yaro ba, ko da maƙwabta sun ce nono ya ɓaci. Mai shan maganin tarin fuka tana shayarwa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mai ƙanjamau da ke shan maganinta ta shayar. Wani maganin kuma na 'yan kwanaki ne, sai uwa ta riƙa tatsewa tana zubarwa don kada ruwan ya ƙafe, har likita ya ce ta mayar da yaro.